Amsa ga 'yar'uwa mai riƙon ɗan yayanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki. Kin ce 'yan bindiga ne suka kashe shi a Zamfara, kin ɗauko ɗansa mai shekara 7 kin kawo shi Kano, ga shi yana fitsarin kwance, yana ɓoye abinci, magana ma sai da ƙyar. Mutanen gida kuma wasu na cewa bulala, wasu na cewa ruƙiyya.

Ni ma riƙo nake yi, yarinya ce da rikicin Borno ya raba da iyayenta. Don Allah kada ki bari kowa ya ɗaga wa yaron nan hannu. Tsoro ne ke cinsa, ba rashin tarbiyya ba. Ke kin san ya tsira, shi kuwa jikinsa bai yarda ba tukuna, shi ya sa ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura.

Tawa ma ta yi ɓoyon abincin nan. In na zo kakkaɓe shimfiɗa sai in tarar da gutsuren tuwo ya bushe a cikin rigar filo, wani lokaci ƙosai har ya yi tsami, tururuwa sun yi layi. Sai na samo ƙaramar roba mai murfi na ce wannan taki ce, kullum da ƙuli-ƙuli ko dabino a ciki, ba mai taɓawa ko yayyenta. Da farko take take cinyewa. Daga baya sai ta riƙa buɗewa ta leƙa ta rufe. Yaron da ya kwana da yunwa a daji so yake ya tabbatar gobe ma akwai. Ki tsayar masa da lokacin cin abinci. In za ki fita kuma kada ki sulale, ki ce masa kasuwar Rimi za ki, kafin La'asar kin dawo, ki kuwa dawo ɗin.

Fitsari kuwa, ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki rage masa ruwa bayan Magariba, ki tashe shi ya zagaya kafin ki kwanta. Yaran gida ki ja musu kunne, kada wanda ya yi masa waƙar amalala. Amma ki fara kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero a auna fitsari da jini, domin ciwon mafitsara da sikila ma suna jawo shi. Idan firgitar dare ta ƙi sauƙi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da kuma Dawanau. Mu da mun ji Dawanau sai mu ce ai ɗanmu ba mahaukaci ba ne, alhali har mai rashin barci suna dubawa.

Addu'a ba a barinta. Ki tofa masa Falaƙi da Nasi ki shafe masa jiki, muryarki a ƙasa. Irin ruƙiyyar da ƙarti za su danne yaro ana hayaƙi ana daka masa tsawa ce ban yarda da ita ba. Wanda ya ga an danne ubansa, me kike zato zai tuna?

Kada ki matsa masa da tambayar abin da ya gani. Ran da ya fara faɗa da kansa, ki ajiye abin da kike yi ki saurara, kada ki katse shi da "yi shiru, ya wuce". A makaranta a rubuta shi da sunan mahaifinsa kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni, ki kuma sanar da malaminsa a keɓe. Kayan Sallah ki ɗinka musu yadi ɗaya da 'ya'yanki, amma bana kada a kai shi kallon Hawan Daushe, saboda ƙarar bindigogin nan.