Tambaya da Amsa: Kullum sai sun canja mini ƙa'ida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa 'yar manhaja mai amsa saƙo da kanta a WhatsApp. Manomi ya turo lambarsa, ta faɗa masa bashin takin da ke kansa da ranar biya. Matsalar ita ce shugabannin ba sa tsayawa kan magana ɗaya. Yau a biya da kuɗi, gobe da buhun shanshera, jibi a ƙara wa masu noman rani wa'adi. In na gyara nan, can ya ɓaci. Yaya zan yi?
Daga wani mai karatu a Argungu, jihar Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Kada ka ga laifin dattawan nan. Farashin taki ba ya zama wuri ɗaya, ambaliya kuma kan ci fadama, to dole ƙa'idar biya ta motsa. Aikinka ne ya kamata ya iya motsi da ita.

Ina kyautata zaton ka cusa farashi da wa'adi a cikin umarnin manhajar kansa. Fito da su. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da shugaba zai iya canjawa a zaman taro guda: kuɗin buhu, ranar biya, tarar jinkiri, wanda aka ɗaga wa ƙafa. Duk su koma tebur guda, ko da Google Sheets ne (teburin lissafi na Google), wanda sakataren ƙungiya zai gyara da kansa, manhajar ta riƙa leƙawa can kafin ta ba da amsa. Kowace ƙa'ida kuma ka sa mata ranar da ta fara aiki, don kada sabon farashi ya hau kan bashin bara. Nan ne rigima ke tashi, ba a wajen kwamfuta ba. Lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, wanda ya ajiye adadin a wuri ɗaya cikin manhajarsa layi ɗaya ya taɓa, wanda ya warwatsa shi kuwa sai farauta.

Shawarar ba tawa ba ce. Tun 1972 wani masani, David Parnas, ya nuna cewa a raba manhaja gida-gida, kowane gida ya ɓoye abu ɗaya da ake tsammanin zai canja. A wajenka gida uku sun isa: mai karɓar saƙo, mai lissafi, mai ajiyar bayanai. Mai lissafi bai kamata ya san ta ina saƙo ya shigo ba. Ka tuna Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara. In lissafinka a manne yake da WhatsApp, a irin wannan ranar aikin ya tsaya cak. In a ware yake, sakatare zai buɗe kwamfuta ya ci gaba, kuma ƙara SMS don masu ƙaramar waya ba zai zama sabon gini ba.

Amma kada ka zarce. Tela yakan bar 'yar kalmasa a rigar yaro don girma, ba ya ɗinka masa ta babansa. Abin da ka ga ya canja sau biyu, shi za ka yi wa ƙofa.

Maganin "na gyara nan can ya ɓaci" kuwa gwaji ne. Zaɓi manoma goma daga littafin sakatare waɗanda aka san lissafinsu da hannu, har da mai biya rabi kuɗi rabi shanshera. Bayan kowane gyara ka bi ta kansu kafin ka saki.

Sannan ku yi takarda da ƙungiyar: canjin da sakatare zai yi a tebur kyauta ne, wanda zai sa ka buɗe manhaja kuma da kuɗinsa.