Tambaya da Amsa: Ina iyakar abin da malami zai faɗa game da ɗalibinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar aji ce a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya. Shugaban makarantarmu ya umarce mu da mu riƙa tura sakamakon jarrabawar 'yan aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, tare da sunayen waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Sannan kwanan nan wani dattijo ya zo binciken aure, yana tambayata halin wata tsohuwar ɗalibata da lafiyarta. Na san tana da ciwon sikila, domin yana rubuce a fayil ɗinta. Ban ba shi amsa ba, na ce ya dawo. Ina neman shawara. Wata malama, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kin kyauta da kika jinkirta amsa, domin magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, duk wani bayani da ke cikin fayil ɗin ɗalibi ba mallakin malami ba ne, ba kuma mallakin mai makaranta ba ne. Iyaye sun miƙa shi ne saboda wata manufa guda, wato a koyar da ɗansu a kuma kula da shi, kuma da zarar an yi amfani da shi a wani abin da ba wannan ba, an ci amana.

Wannan ba maganar ɗabi'a kaɗai ba ce, doka ma ta shigo ciki. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa, sashe na 8 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ya ba yaro irin wannan haƙƙi. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC domin sa ido a kan duk wanda ke tattara bayanan mutane, kuma makaranta tana cikinsu, tunda tana riƙe da sunaye da hotuna da adireshi da lambobin wayar iyaye, har da lambar NIN da JAMB ta wajabta wa masu rajista tun 2021. Sashe na 31 na dokar ya ce bayanan yaro suna buƙatar amincewar iyaye ko mariƙi. Ya ɗauke wa makaranta wannan sharaɗi idan aikin na ilimi ne ko na kiwon lafiya, amma da ƙaidin cewa yana hannun ma'aikacin da nauyin riƙe sirri ke wuyansa. Ma'ana, dokar ta ba ki damar rubuta makin yaro ba tare da neman izini kullum ba ne saboda ta ɗauka za ki kame bakinki.

To, mu dubi umarnin shugabanku da wannan ma'auni. Mahaifin Audu yana da haƙƙin ganin sakamakon Audu, amma ba shi da wata buƙata ta sanin cewa ɗan maƙwabcinsa ya zo na arba'in a aji. Zauren da ke da iyaye hamsin ko sittin ba ofishin makaranta ba ne. Kowa a cikinsa yana iya ɗaukar hoton takardar ya tura wani zauren, wayar gidan ma sau da yawa yaran ne ke riƙe da ita da daddare, kafin gari ya waye duk unguwa ta san wanda ya faɗi lissafi. Maganar kuɗin makaranta ta fi muni a ganina, domin bashin na uba ne, amma yaron ne ke ɗaukar kunyar, kuma yaron da aka kira sunansa a filin taron safe a gaban 'yan'uwansa ba ya mantawa da wannan ranar ko da ya girma. Na san masu makarantu suna da uzuri, albashin malamai daga wannan kuɗi yake fitowa, kuma akwai iyayen da ba sa motsi sai an matsa musu. Duk da haka hanyar matsawa a buɗe take ba tare da tona asiri ba: a kira uban a waya, a rubuta masa wasiƙa a rufe, ko a gayyace shi ofis. Ki sami shugaban ke kaɗai, cikin ladabi, ki nuna masa cewa kowane uba yana iya kai ƙara gaban NDPC, kuma tarar da dokar ta tanada ga ƙananan ma'aikatu tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sai ki kawo masa mafita, wato a tura wa kowane uba sakamakon ɗansa shi kaɗai.

Batun dattijon ya fi buƙatar natsuwa, domin binciken aure al'ada ce mai kyau, addini ma ya yarda da ita, kuma mutumin bai zo da mugun nufi ba. Sai dai bayanin lafiya yana cikin abubuwan da dokar 2023 ta ware a matsayin masu tsananin sirri, tare da addini da ƙabila. Iyayen yarinyar sun faɗa wa makaranta ciwonta ne domin idan ya tashi a aji a san abin yi, a bar ta ta sha ruwa, kada a sa ta noma ko gudu a tsakiyar rana. Ba su faɗa domin a ajiye wa masu neman aurenta ba. Barinta makarantar bai sauke miki nauyin ba. Idan ya dawo, ki karɓe shi da girmamawa, ki ce masa, "Baba, abin da ke rubuce a takardun makaranta ba ni da ikon fitar da shi, ko na wace yarinya ce, amma iyayenta suna nan, asibiti kuma yana nan." Kada ki yi masa ƙarya cewa lafiyarta ƙalau, kada kuma ki yi irin shirun nan mai haɗe da girgiza kai wanda ya fi magana bayani. Ba ki cuci angon ba, domin gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta shi. Game da halinta, idan kin san alheri ki faɗa, amma laifin ƙuruciya da aka hukunta ta a kansa tana 'yar shekara goma sha uku ba hujja ba ce a kan matar da ta zama yau.

TAMBAYA: Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta gaya mini cewa wani na kusa da gidansu yana taɓa ta ta hanyar da ba ta dace ba, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ni kuma na yi mata alkawari. Yanzu hankalina ya kasa kwanciya. Wani malami, Gusau.

AMSA: Malam, a nan riƙon sirri ya ƙare. An ɗora wa malami nauyin yin shiru ne domin a kare yaro, saboda haka ba zai yiwu shirun ya zama mafakar mai cutar da shi ba. Sashe na 31 ɗin da na ambata a sama shi kansa ya halatta amfani da bayanan yaro ba tare da jiran izini ba idan ana son tsare rayuwarsa da lafiyarsa. Ka koma wurinta yau, ka gaya mata gaskiya cewa ka yarda da maganarta, ba laifinta ba ne, kuma dole ka sanar da wanda zai iya taimaka mata. Ka rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da rana da lokaci, ba tare da ka yi mata tambayoyin ƙwaƙwa ba. Daga nan ka kai wa shugaban makaranta ko malamar ba da shawara, su kuma su tuntuɓi iyaye, idan ba daga cikin gidan cutar take ba, da ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda. Iyakar waɗanda za su ji ke nan. Ɗakin malamai ba ya cikin lissafi, matarka ma ba ta ciki. Nan gaba idan yaro ya ce zai gaya maka wani abu amma ka yi rantsuwa, ka ce masa za ka riƙe sirrinsa matuƙar ba wanda ke cikin haɗari.

TAMBAYA: Ni akawu ne a wata firamare. Sito ya cika da tsofaffin rajista da takardun sakamako, masu sayen takarda kuma suna ta zuwa. Zan iya sayar musu? Wani akawu, Azare.

AMSA: A'a, Malam. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko tsire ya tarar an naɗe masa a takardar jarrabawa mai ɗauke da sunan yaro da makinsa da jan biron malami, ya san inda waɗannan takardu ke ƙarewa. Ka fara da rarrabewa tare da hedimasta. Rajistar shiga makaranta da kundin sakamako abin adanawa ne, domin tsohon ɗalibi yana iya dawowa bayan shekaru yana neman shaida, wurinsu kabad mai makulli. Abin da amfaninsa ya ƙare kuma, a yayyaga shi ko a ƙona shi a gabanku, ku rubuta abin da aka lalata da ranar da aka yi. Haka ma kwamfutar ofis, a sa mata lambar sirri, kada a kai ta gyara ko a sayar da ita da bayanan yara a ciki. Idan kuma aka sace ta, ko wayar malami mai ɗauke da jerin sunaye ta ɓata, kuma abin yana iya cutar da masu bayanan, sashe na 40 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ba makaranta awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da NDPC, idan haɗarin babba ne kuma ta gaya wa iyayen nan take.