Me ya bambanta jiragen dakarun musamman?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa jirage masu saukar ungulu da suka kai samame gidan Usama bin Laden a 2011 ba irin na sauran sojoji ba ne. Me ya bambanta su? — Wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Ɗana, gangar jikin dai ta Black Hawk ce, amma an yi mata kwaskwarima don ta rage ƙara, ta kuma ɓoye wa rada, wato na'urar hango jirage daga nesa. Jiragen na runduna ta 160 ne ta sojin ƙasan Amurka, mai mazauni a sansanin soji na Fort Campbell, wadda ke aiki da Black Hawk da Chinook da ƙaramin Little Bird. Manyan ana ɗaura musu dogon bututu a gaba don shan mai a sama, da kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu, da igiya mai kauri da sojoji ke sulalowa a kanta. Matuƙan kuma da tabarau na ganin dare suke tuƙi.

Sai dai ni a wurina ba nan gizo ke saƙar ba. Kula da jirgin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma asara ce ta koya wa Amurka wannan. A watan Afrilun 1980 ta tura jirage takwas don ceto mutanenta da aka tsare a Tehran. Ɗaya aka yar da shi a hamada saboda alamar tsagewar farfela, ɗaya ya juya bayan guguwar ƙura, na uku kuma na'urar man da ke sarrafa shi ta lalace. Saura biyar, alhali shida ake buƙata, sai aka fasa. Wajen janyewa jirgi ya yi karo da jirgin dakon mai, mutum takwas suka mutu. Bayan wannan asarar ne aka kafa runduna ta 160 a 1981.

Duk wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke cika matatar iskar babur zai gane. Rairayi na cin bakin farfela, yana shiga inji. Shi ya sa makanike ke bin jirgi da tocila, yana shafa farfela da hannu, yana duba ɗigon mai, ana canza kowane ƙarfe bisa sa'o'in tashinsa tun bai lalace ba. Waɗannan mutane ba a jin sunansu, kuma hakan na damuna.

Duk da haka, a Abbottabad, garin Pakistan da gidan bin Laden yake, jirgi ɗaya ya faɗi. Zafin daren da dogayen katangun gidan sun dagula iskar da ke ɗauke da shi. Sojojin suka tarwatsa shi kafin su tafi, wutsiyarsa ta rage a jikin katanga.