Filin Tambaya da Amsa: Gas ɗin da Ke Manne a Jikin Kwal

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan batu guda, wato iskar gas da ake zuƙowa daga shimfiɗar kwal da ke ƙarƙashin ƙasa. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Garwa, kuma ɗalibaina sun ji a rediyo cewa akwai gas da ake samu daga kwal ba tare da an tono kwal ɗin ba. Yaya abin yake, kuma muna da shi a ƙasarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Da farko a nuna wa yaran cewa kwal ba gawayin da ake ƙonawa daga itace ba ne. Ragowar tsirrai ne da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi, zafi da nauyi suka mai da su baƙin dutse, kuma a cikin wannan sauyi ne iskar metan take samuwa. Masu haƙar kwal sun daɗe da sanin wannan iska, amma a matsayin abokiyar gaba, domin ita ce take kamawa da wuta a cikin rami. A 1972 ta haddasa fashewar da ta kashe mutum fiye da 400 a mahaƙar Wanki, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Sai a shekarun 1980 ne Amurkawa suka fara tara ta a matsayin haja, a jihar Alabama da kuma kwarin San Huwan da ke tsakanin Kolarado da Niyu Meziko.

Bambancinta da gas na rijiyoyin mai shi ne asalin duk wata rigima da ke kanta. Gas na rijiyar mai yana tare ne a cikin ƙofofin dutse, da zarar an huda sai ya taso da ƙarfinsa. Na kwal kuwa manne yake a jikin kwal ɗin, kuma nauyin ruwan da ya cika tsagogin kwal ne yake danne shi, saboda haka ba ya motsi sai an sa famfo an yi ta janye ruwan har matsin ya ragu, kamar yadda kumfa ba ta tashi a kwalbar lemo sai an buɗe murfi. Rijiya takan yi watanni, wani lokaci ma shekaru, tana fitar da ruwa mai yawa kafin gas ya kankama. Kuma da yake kowace rijiya ɗan yanki kaɗan take iya zuƙewa, dole a yi ta jera su; a kwarin Kogin Fauda na jihar Wayomin kaɗai an haƙa fiye da 20,000.

A yau ana wannan aiki a Amurka, da jihar Kwinslan ta Ostareliya, da lardin Shanshi na ƙasar Sin, da Raniganj a Indiya, a Afirka kuma Botsuwana ce ta fi nisa da shi. Ba a haƙo irin wannan gas a Kamaru ko Chadi. Amma kwal yana maƙwabtanmu: an gano na Inugu tun 1909, ana tono na Maiganga a jihar Gombe, akwai na Anu Araren a yankin Agadas, kuma kwarin Binuwai da ke ɗauke da wasu daga cikin kwal ɗin Nijeriya reshensa ya miƙo har nan Garwa. Samuwar kwal ba ta nufin akwai gas da zai biya kuɗin haƙa, sai dai tambayar yaranka ba ta yi nisa da gida ba.

Tambaya: Malam, ni manomin masakwa ne a kusa da Marwa. Na ji an ce ruwa suke fitarwa da yawa su rasa inda za su kai shi. Mu da muke neman ruwa ido rufe tun daga watan Fabrairu, ashe wannan ba alheri ba ne?

Amsa: Baba, tambayarka ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Gaskiya ne cewa a wasu sassan Wayomin ruwan ya isa a shayar da dabbobi, har wasu masu shanu suka yi murna da tafkunan da aka gina musu, kuma a Kwinslan ana tace wani a yi ban ruwa da shi. Amma yawancin wannan ruwa ya daɗe kwance a cikin kwal yana narkar da gishiri, kuma abin da ya fi yawa a cikinsa a wurare da dama shi ne sinadarin sodiyam, dangin wanda ke cikin kanwar da ake kawowa daga Kanem. Saniya za ta sha ruwan kanwa ta ji daɗi, amma ƙasar laka ba ta jure masa.

Kai da kanka ka fi ni sanin halin karal, wato ƙasar lakar da ake dasa masakwa a cikinta. Idan damina ta ɗauke, lakar tana riƙe da danshi a cikinta, sai ka huda ta da sanda mai kan ƙarfe, ka zuba ɗan ruwa a ramin, ka saka dashe, daga nan kuma masakwa ba ta sake ganin ruwan sama har a girbe ta. Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne ƙwayoyin lakar suna dunƙulewa su bar ƙananan hanyoyi da ruwa da saiwa ke bi. Sodiyam yana warware wannan dunƙulewa, sai lakar ta baje ta toshe hanyoyin, fuskar ƙasa ta yi ɓawo mai tauri, ruwa ya kwanta a sama har rana ta shanye shi, a bar fari-fari a gefen kunya. Irin fakon da Fulani ke kira harde, wanda ya cinye filaye masu yawa a Diyamare, yankin da Marwa take, da yawansa sodiyam ne ya mai da shi haka, kuma kowa ya san wahalar da ake sha kafin a farfaɗo da shi. Saboda wannan fargaba ce jihar Montana, wadda kogunan Wayomin ke gangarowa cikinta, ta kafa iyaka a 2003 ga yawan gishiri da sodiyam da za a yarda da su a kogunan Fauda da Tong, domin manomanta na ban ruwa. Maganar sai da ta kai kotu.

Tacewa ma ba ta raba gardama, domin injin yana ba da ruwa mai kyau a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ya bar wani ruwan gishiri mai kauri wanda dole a ajiye shi a manyan tafkuna masu shimfiɗar roba. Roba tana yagewa, bututu yana fashewa. A 2011 irin wannan ruwa ya malala a dajin Piliga na Ostareliya, itatuwan wurin suka bushe.

Ɓangare na biyu ya fi wannan ɓuya, domin ido ba ya ganinsa. Ruwan da ake fitarwa daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗebo shi, kuma idan shimfiɗar kwal tana da alaƙa da shimfiɗar da rijiyoyin mutane ke sha daga gare ta, to ruwan rijiyoyin zai yi ƙasa. Hukumar da Kwinslan ta kafa domin sa ido a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ta yi hasashen cewa ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse na manoma a kwarin Surat za su taɓu, kuma dokar jihar ta wajabta wa kamfani ya gyara, ko ya haƙa wata rijiya, ko ya biya. A ƙasa irin tamu, inda mata ke tono yashin busasshen kogi da rani suna jiran ruwa ya tsatso a cika tulu, raguwar mita kaɗan ta isa ta tashi ƙauye. A ganina duk wanda ya zo da tallar wannan gas ya fara da maganar wutar lantarki, a dawo da shi kan maganar ruwa tukuna: daga wace shimfiɗa zai ɗebo, nawa a rana, ina zai zuba, kuma ina gishirin zai ƙare.

Tambaya: Malam, ni uwar gida ce a Njamena. Tun da aka hana gawayi muke fama da neman gas na girki. Idan aka samu wannan, tukunyar gas za ta yi araha?

Amsa: Hajiya, da wuya. Hanin da gwamnati ta yi wa gawayi a farkon 2009 ya jefa gidaje cikin wahala, amma abin da ke cikin tukunyarki butan ne, wanda ɗan matsi kaɗan ke mai da shi ruwa, shi ya sa ake iya ɗura shi a ɗora a babur. Metan ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, don haka bututu yake bi zuwa masana'anta ko tashar lantarki, kamar yadda gas ɗin da ake haƙowa a Logbaba ke zuwa masana'antun Duwala a Kamaru. Ko a inda ake haƙo shi ma araha ba tabbas ba ce: bayan da Kwinslan ta fara loda gas ɗinta a jiragen ruwa daga Giladiston a 2015, farashinsa a gabashin Ostareliya tashi ya yi, domin ya koma bin farashin kasuwar waje.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Ngaundare. Na ga hoton wani kogi yana ci da wuta a Facebook, aka ce wannan gas ne. Shin abin da ya faru a tafkin Niyos zai iya maimaituwa?

Amsa: Ɗana, abubuwa biyu ne daban. Iskar da ta fito daga Niyos a watan Agusta na 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 iskar kabon ce, mai nauyi, wadda ta bi kwari ta shaƙe mutane da dabbobi. Metan ya fi iska sauƙi, sama yake yi, kuma haɗarinsa shi ne ya taru a rufaffen wuri kamar ɗakin famfo ya haɗu da tartsatsi. Hoton da ka gani mai yiwuwa na kogin Kondamin ne a Kwinslan, inda wani ɗan majalisa ya kunna wa kumfar gas wuta a 2016. Masana sun nuna cewa gas yana tsatsowa a yankin tun kafin a fara haƙa, masu adawa kuma suka ce janye ruwa ne ya ƙara shi, kuma abin da ya tsawaita gardamar shi ne ba a yi cikakken awo ba kafin aiki ya fara. Game da ɗumamar yanayi, metan idan an ƙona shi ya fi kwal tsabta, amma wanda ya tsere ba a ƙona ba yana riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon a cikin shekara 20, saboda haka yoyo kaɗan a dubban rijiyoyi yana cinye wannan fifiko.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni dillalin shanu ne a Bongor. Mun ga yadda aikin mai ya yi da filaye a kudu. Idan irin wannan ya zo, me talaka zai riƙe?

Amsa: Alhaji, Allah ya ja kwana. Rijiyar gas ɗin kwal guda ɗaya ba wani abin tsoro ba ce a ido: fili ne da aka share aka zuba tsakuwa, da shinge, da famfo, da bututu biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na gas. Matsalar tana cikin yawa, domin kowace tana buƙatar hanyar mota da layin bututu, kuma idan aka jera ɗaruruwa sai daji ya zama yanki-yanki, burtali ya yanke, hanyar mashaya ta toshe, ga ƙurar manyan motoci da ƙugin injunan matsa gas dare da rana. A Wayomin wata doka ta 1916 ta ba makiyaya saman ƙasa ta bar wa gwamnati abin da ke ƙarƙashi, sai ga mutum da gonar gadonsa amma ba shi da ikon hana mai haƙa shiga. A Ostareliya wannan ne ya sa manoma suka kafa ƙungiyar kulle ƙofa a 2010. A Kamaru da Chadi ma arzikin ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, kuma makiyayi ya fi kowa rauni, domin ana lissafa diyya ne a kan shuka da itace da gini, shi kuwa ba ya da takardar da ke nuna cewa hanyar da garkensa ke bi tasa ce.

Abin da kuka gani a kudu darasi ne da ya isa. Bututun mai daga Doba ta Chadi zuwa Kiribi ta Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, ya fara aiki a 2003 da alkawarin dokar Chadi ta 1999 cewa kashi 5 cikin 100 na kuɗin haƙƙin mai zai koma yankin da ake haƙowa, amma a 2008 Bankin Duniya, wanda ya tallafa wa aikin, ya janye yana cewa ba a kashe kuɗin yadda aka yi yarjejeniya ba. A 2013 kuma gwamnatin Chadi ta dakatar da CNPC, kamfanin mai na ƙasar Sin, saboda ɗanyen mai da aka zuba a ramuka a Kudalwa, aka ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka daidaita a kan miliyan 400. Hukuncin ya nuna cewa hukuma tana iya tsawatawa idan ta so, sai dai ya zo ne bayan ɓarna ta auku.

Dokar muhalli ta Kamaru ta 1996 da ta Chadi ta 1998 duk sun tanadi a yi nazarin illa kafin babban aiki, kuma a nan ne jama'a ke da ƙofa. Kada a bari taron jin ra'ayi ya tsaya ga masu sarauta da 'yan boko; a nemi a fassara rahoton da harsunan da ake ji a yankin, a zana burtali da mashaya a taswirar aikin da sunayensu. Abu mafi amfani kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tun kafin kowa ya zo, a riƙa auna zurfin ruwan kowace rijiya da igiya a ƙarshen rani da ƙarshen damina, a rubuta da kwanan wata a gaban shaidu, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji, kwafi guda a hannun mai gari, guda a hannun ƙungiyar manoma ko ta makiyaya. Sannan a nemi kamfani ya ajiye kuɗin toshe rijiyoyinsa a asusun da ba shi da ikon taɓawa, kuma kuɗin ya kai na aikin gaske, domin da farashin gas ya faɗi bayan 2008 ƙananan kamfanoni da dama a Wayomin sun karye sun bar dubban rijiyoyi a buɗe, abin da suka ajiye bai isa ba, sai jihar ce ta ɗauki nauyin bin su tana toshewa da siminti.