Tambaya da Amsa: Yadda ake gane ingancin aikin mai gina shafin intanet kafin a ɗauke shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda a kasuwar Kejetia, kuma da yawa daga cikin abokan cinikina suna nesa, wasu a Tamale, wasu a Akara, suna zaɓar kaya ta WhatsApp su biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ina so a gina mini shafin intanet inda mutum zai zaɓi kaya ya biya kai tsaye. Matasa uku sun nemi aikin, kowannensu ya nuna mini shafuka masu kyan gani a waya, ɗaya ma ya gama karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi. Ni kuwa ban iya karanta abin da suke rubutawa ba. Ta yaya zan gane wanda aikinsa ya fi inganci?
Daga wata mai karatu, Asawase, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Abin da suka nuna miki a waya fuskar aiki ce kawai, kuma ke da kike harkar tufafi kin san cewa idan ana so a gane tela, juya rigar ake yi a duba ɗinkin ciki. Cikin shafin intanet shi ne kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, kuma ingancinsa a wurina yana tsaye a kan tambaya ɗaya: idan wanda ya rubuta shi ya yi tafiya gobe, shin wani zai iya karanta shi, ya gane shi, ya canza farashi ko ya ƙara hanyar biya ba tare da komai ya rushe ba? Takardar jami'a abin girmamawa ce, amma ba ta amsa wannan tambaya.

Akwai gwajin da za ki iya yi da hannunki tun kafin ki nemi taimakon kowa. Ki ce kowannensu ya buɗe miki shafin da ya gina wanda yake aiki a yanzu, sannan a gurbin da ake rubuta suna ki rubuta suna mai ɗauke da alamar hamza, irin su Asma'u ko Sa'adatu. Wannan 'yar alama ita ce ake amfani da ita wajen buɗewa da rufe magana a harshen da shafi ke yi wa rumbun bayanai umarni, wanda ake kira SQL, saboda haka idan mai ginin ya yi sakaci ya zuba abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin, shafin zai daburce ya fito da saƙon kuskure. Ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet ke shiga su kwashe sunaye da lambobin wayar abokan ciniki, kuma ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗura goma na shafukan intanet tun 2003, ta daɗe tana sanya wannan rauni a cikin jerin. Daga nan ki rubuta kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ, ki adana, ki sake buɗewa. Idan haruffan sun koma alamar tambaya, to bai tsara rumbunsa yadda zai karɓi rubutunmu ba. Sai ki danna inda aka ce an manta kalmar sirri. Idan shafin ya aiko miki da tsohuwar kalmarki kamar yadda kika rubuta ta, ki sani cewa a buɗe yake ajiye sirrin mutane, domin shafi nagari bai san kalmar sirrin kowa ba, hanyar sauya ta kawai yake aikowa. Wanda ya faɗi wannan gwaji na ƙarshe, ni dai ba zan ba shi aikin da kuɗin jama'a ke bi ta ciki ba.

Wajen biyan kuɗi ne ya kamata ki fi tsayawa. Ki tambayi kowannensu abin da zai faru idan mai saye ya amince da biya a wayarsa, kuɗi suka fita, amma layi ya yanke kafin shafin ya samu labari, ko kuma sanarwar biyan ta iso sau biyu. Wanda ya taɓa haɗa shafi da MoMo, ko ta hanyar kamfanoni irin su Hubtel da Paystack, zai gaya miki cewa kowane ciniki yana da lambarsa ta musamman, cewa shafin yana komawa ya tabbatar da biyan daga kamfanin kafin ya rubuta an biya, kuma sanarwa ta biyu ba za ta haifar da oda ta biyu ba. Ki kuma tambaye shi inda ake lissafin jimlar kuɗi, domin idan a wayar mai saye ake yi, mai wayo zai iya mayar da leshin sidi 900 ya koma sidi 9. Ba sai kin fahimci kowace kalma a amsarsu ba. Ki lura da wanda ya yi bayani a natse da Hausa ko Turanci mai sauƙi, da wanda ya ce miki kawai babu matsala.

Bayan haka, shawarar da na fi ba ki ƙarfi ita ce ki ba su ƙaramin aiki iri ɗaya, misali shafi guda mai nuna kaya goma da kwandon saye, kuma ki biya kowa ladansa, domin sa matashi aikin kwanaki kyauta da sunan gwaji zalunci ne, kuma ƙwararru ba sa amsa irin wannan kira. Idan sun kawo, ki nemi wani gogagge wanda ba ya neman aikin, ki biya shi kuɗin awa biyu ya duba. Ki ce ya gaya miki ko sunayen da aka raɗa wa abubuwa a cikin kod ɗin suna bayyana aikinsu, ko an maimaita rubutu ɗaya a wurare da yawa maimakon a ajiye shi wuri guda, ko an bar mabuɗin asusun biyan kuɗi a fili cikin rubutun, da kuma ko akwai gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta don tabbatar da cewa gyara bai ɓata wani abu ba. Ya duba tarihin aikin a Git, manhajar da ke adana kowane canji da bayaninsa tun fitowarta a 2005. Mai tsari za a ga aikinsa ya taru kaɗan-kaɗan da bayani, ba a zuba shi gaba ɗaya a dare guda ba. Sannan mai dubawar ya gwada yin ƙaramin canji, kamar ƙara kuɗin aike zuwa Tamale. Lokacin da wannan canji ya ɗauke shi a aikin kowanne daga cikin ukun shi ne ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya.

Kafin a fara, a rubuta a takarda cewa adireshin shafin da asusun da aka ajiye shi da kod ɗin duka da sunanki suke. Ki tuna kuma cewa dokar kare bayanan jama'a ta Gana ta 2012, wato Doka ta 843, ta ɗora nauyin tsare bayanan abokan ciniki a kan mai kasuwancin da ya tattara su, don haka sakacin mai gini zai iya komawa kanki.

TAMBAYA: Malam, yaron da ke gina wa makarantarmu shafi yana amfani da ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, wajen rubuta kod. Shin wannan ha'inci ne?
Daga wani malamin makaranta, Nima, Akara

AMSA: Malam, ba ha'inci ba ne muddin bai ɓoye ba, domin tun fitowar wannan manhaja a ƙarshen 2022 masu wannan sana'a da yawa suna amfani da irinta. Abin dubawa shi ne ko ya fahimci abin da ya miƙa muku. Ku zaunar da shi, ku nuna wani sashe na rubutun, ya bayyana abin da yake yi da dalilin da ya sa aka rubuta shi haka, sannan ya canza wani abu a gabanku. Ku kuma gargaɗe shi kada ya zuba sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu cikin irin wannan manhaja yayin da yake neman taimakonta.