Wanne za ka riƙe cikin ra'ayoyin nan uku?

Ɗana, ka ce littafinku ya kawo ra'ayi uku kan yadda gas ke shiga ruwa, kana son sanin na gaskiya. Ka kuma tambayi dalilin cika hasumiyar da muke cire iskar kabon dayoksaid da ƙananan zobba. Tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya.

Lewis da Whitman, a 1924, suka ce a mahaɗar gas da ruwa akwai yana biyu marasa motsi, ɗaya ta gas ɗaya ta ruwa, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce, kuma duk jinkirin a cikinsu yake. A 1935 Higbie ya ce ruwa ba ya zama haka: wani ɗan yanki ne ke tasowa, ya sha gas cikin ƙiftawar ido, ya nutse. Danckwerts ya ƙara a 1951 cewa zaman yankunan a sama ba ɗaya ba ne, wani ya jima, wani ya koma nan take. In saurin bazuwar gas a ruwa ya ninka huɗu, lissafin yana ya ce shigarsa ta ninka huɗu, sauran biyun suka ce biyu kawai.

Ni da lissafin yana nake aiki kullum, ko da yake na Danckwerts ya fi kama da abin da ruwa ke yi. Na yana ya fi sauƙi, kuma in sinadari na cin gas ɗin, amsoshin ukun kusan ɗaya suke fitowa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar Hatta, wadda ta ci sunan wani masani ɗan Japan. Ita ke faɗa maka inda ake cinye gas ɗin. In ta haura 3, tun a cikin yana aka gama da shi, bai kai tsakiyar ruwa ba. Haka ruwan amin ɗinmu, sinadarin da ke cin kabon dayoksaid a hasumiyar, yake yi. To me zurfi zai amfana mana? Faɗin fuska muke nema, shi ya sa zobba, don ruwan ya shimfiɗu siriri a jikinsu. In lambar ta gaza 0.3, cin a hankali yake, sai a nemi tanki mai ruwa da yawa a hura gas daga ƙasa.

Gobe da safe mu hau tare. Ka karanta ma'aunan zafi daga ƙasa zuwa sama, inda ya fi zafi nan amin ke cin gas sosai. Sannan ka tuna min in nuna maka marabar ruwa ta sama, wadda ke watsa ruwan a kan zobba, domin in ramukanta suka toshe ruwa hanya ɗaya yake bi, sauran zobban su zauna a bushe.