Maimaita kalma a shafina ne ya sa Google ya daina nuna ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra a Ƙofar Marusa, Katsina. Yaron da ya buɗe mini shafin intanet ya sa "turaren wuta a Katsina" kusan a kowane layi, ya kuma jera Daura, Funtuwa, Malumfashi da Dutsin-Ma da farin rubutu a kan farin fili, wai don Google ya sa ni a gaba. Yanzu ko na nemi shafin ba na ganinsa. Me ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin yana ba ni takaici, domin kuɗinki kika biya aka yi miki dabarar da ta daɗe da daina aiki. Dokokin Google sun haramta cusa kalma ɗaya babu gaira babu dalili, har jerin sunayen garuruwa sun ambata. Ɓoye rubutu kuma laifi ne na daban.

Manhajar da ke bin shafuka, Googlebot, tana karanta ainihin bayanan da aka gina shafi da su, har da launin rubutu. Farin da ya ɓace wa idonki, ita tana ganinsa sarai. A 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don ƙara dakushe masu irin wannan wayon, a 2019 kuma tsarin BERT ya zo, mai duba ma'anar jimla gaba ɗaya. Yawan nanatawa ya koma shaida a kan mai shafi.

Hukuncin iri biyu ne. Galibi na'ura ce ke tura shafin can baya, ba sanarwa. Wani lokaci ma'aikacinsu ne ke dubawa da kansa, har ya cire shafin daga sakamakon bincike. Wannan za a ga saƙonsa a Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, don haka ki sa yaron ya buɗe a gabanki. Can ne kuma za a gane ko Google bai ma shigar da shafin cikin jerin bincikensa ba tukuna.

A goge ɓoyayyen rubutun yau. Sannan ki rubuta yadda kike yi wa uwar amarya bayani a shago: wanne ne na hawi, wanne na sandal, nawa kwalba, wanne ya fi kama kaya, yadda kike ba direba saƙo a tasha zuwa Daura. Sunan turaren da na Katsina su fito a kanun shafi da inda magana ta kawo su. In hukuncin ma'aikaci ne, bayan gyara a aika buƙatar sake dubawa, ki yi haƙuri, amsa takan ɗauki kwanaki ko makonni.